Jokhe Gharti da Akwatin Lekhpani

A Lekhpani har yau idan ka sayi madara ka tarar ta yi ruwa-ruwa, ko ka ba da aron ɓauna aka dawo maka da ita tana ɗingishi, sai ka ji an ce, "Wannan wurin Jokhe ta kwana." Yaran yanzu suna faɗa ne kawai, ba su san waye Jokhen ba. Ni na san shi. Rumfar shayina tana bakin makarantar garinmu tun ina amarya, kuma a makarantar nan ake jefa ƙuri'a. Duk wanda ya taɓa neman kujerar mazaɓarmu ya sha shayina, da wanda ya ci da wanda ya sha ƙasa. Maili ake kirana, don ni ce ta biyu a ɗakinmu.

Jokhe Gharti ɗan dako ne. A lokacin mota ba ta san hanyarmu ba. Daga nan zuwa Khalanga, inda ofisoshin gunduma suke, tafiyar kwana biyu ce a ƙafa, gangara da hawa. Gishiri ne, kananzir ne, majinyaci ne, duk a kwandon bayansa suke tafiya, igiyar kwandon a goshinsa, har wurin ya yi kanta gashi ya daina fitowa. Gajere ne mai ƙafafu kamar turmi, ba shi da yawan magana. Amma yana da wani hali: idan aka tsare shi da tambaya, sai ya dubi ƙasa ya yi murmushi. Matarsa Dilsara ta ce tun yana yaro haka yake, ko ubansa na dukansa murmushin yake yi. Mu da muka saba ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, sai daga baya.

Tun zamanin da sarki ya hana jam'iyyu a Nepal, kujerar mazaɓarmu a hannun Padam Jang Malla take. Gidansu ke da rabin gonakin shinkafar kwarin nan, mu kuma mu noma a raba. Zaɓe a wancan lokaci ba abin tashin hankali ba ne. Malla ya hawo a kan alfadarinsa, a yi yanka, a ci a sha, gari ya waye a buga masa tambari a takardar ƙuri'a, Jokhe ya saɓi akwatin zaɓe ya bi 'yan sanda zuwa Khalanga. Da aka dawo da jam'iyyu, Malla ya kwanta yana mutumin sarki ya tashi yana mutumin talakawa, ya shiga wata jam'iyya mai alamar doki, ya sake lashewa. Jokhe ne dai ya kai akwatin.

Sai majalisa ta rushe wa'adinta bai cika ba, aka sa sabon zaɓe bayan girbin shinkafa, a shekarar hamsin da ɗaya ta lissafinmu. A nan ne Hemlal Subedi ya fito. Malamin makaranta ne daga ƙasan kwari, siriri, da takalmin roba da tsohuwar laima, alamarsa fitila. Ranar da ya zo Lekhpani neman ƙuri'a, mutane suka riƙa tuna cewa suna da aiki a gona. Ya zauna a rumfata shi da abokan tafiyarsa biyu. Jokhe ya iso da buhun gishiri, Hemlal ya miƙe ya tallafa masa ya sauke, ya tambayi sunansa, ya saya masa shayi. Iyakar abin da ya faru ke nan, a kan idona. Amma akwai idanun da suka gani daga nesa suka ajiye.

Malla kuwa ya yanka ɓauna da awaki, giyar gero ta wadata. Da aka ƙoshi, mai garinmu Ratan Budha ya ja magidanta zuwa ɗakin Devi, abar bautarmu, kowa ya taɓa shinkafar da ke gabanta ya rantse doki zai buga wa. Mijina Tulbir yana cikinsu.

Ranar zaɓe ba a yi ko musu ba. Da yamma aka ɗaure bakin akwati, aka ɗiga jan kaki, wakilin doki da wakilin fitila kowa ya danna hatiminsa. Washegari suka kama hanya: jami'in zaɓe, wani mai ciwon gwiwa daga ƙasar fili, da 'yan sanda, da wakilan nan biyu, da Jokhe a gaba da akwati a kwando.

Kogin Tare ba shi da gada a lokacin. Waya ce mai kauri aka miƙa daga gaɓa zuwa gaɓa, da wani keji na katako rataye a jikinta, ka shiga a jawo ka da igiya. Suka iso rana ta karkata. Jami'in ya leƙa ruwan, ya dubi wayar, ya ce ɗan dako ya fara wucewa da kayansa su ga ko za ta ɗauka. Jokhe ya ƙetare lafiya, akwatin yana tare da shi. Da suka zo jawo kejin ya dawo, sai igiyar ta tsinke, kejin ya tsaya a tsakiyar kogi yana lilo. Ba su da dabara sai su gangara can ƙasa inda aka gitta gungume, tafiyar da ba za su gama ba sai gari ya waye. Jami'in ya yi ta ɗaga murya yana nuni da hannu. Shi dai ya ce cewa ya yi Jokhe ya zauna a inda yake kada ya motsa. Jokhe ya ce ƙarar ruwa ta hana shi ji, ya zaci ana nuna masa maniƙar da ke sama kaɗan. Sanyin wannan wata kuwa, a bakin Tare, ba ya barin mutum ya kwana a fili ya tashi da yatsunsa.

Maniƙar ta wani tsoho ce, Nandalal, irin wadda ruwa ke juya dutsenta. Nandalal kuma ɗan'uwan mahaifiyar Hemlal ne.

Da safe suka same shi a can yana shan ɗumi, akwati a gefensa. Jami'in ya duba kaki ya ce bai ga abin da ya taɓu ba. Wakilin doki ma ya duba bai ce uffan ba, don a lokacin ba shi da dalilin cewa. Suka wuce Khalanga.

A rediyo muka ji Hemlal ya ci, da 'yar tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Kwana kaɗan wakilin doki ya dawo da sauran labarin. A lokacin akwati-akwati ake ƙirgawa, kowa ya san abin da garinsa ya yi. Da aka zazzage na Lekhpani, garin da ya ci ɓauna ya rantse, fitila ce ta fi yawa. Ba mu kaɗai muka ka da Malla ba, amma da namu ya fito yadda aka saba da bai faɗi ba.

Malla ya hawo da kansa. Aka kawo masa kujera ƙarƙashin bishiyar dandali, gari ya taru, mu mata muna daga baya.

"Ratan," in ji shi, murya a kwance, "ɓaunata ɗaci ta yi?"

"Hajur, ranka ya daɗe, ko ƙashi ba mu bari ba."

"To wanda ya ci namana ya je ya kunna fitila, ya ɗaga hannu in gan shi. Ba abin da zan yi masa. Sani kawai nake so."

Ba hannun da ya motsa. Ni dai doki na buga wa, wannan na sani kamar yadda na san sunana. Na dubi Tulbir can cikin maza, ya naɗe hannuwansa a ƙirji yana kallon Malla ido cikin ido kamar mai gaskiya. Kowa haka ya yi. Na ce a raina, idan duk waɗannan doki suka buga wa, to lallai ruwa ba ya tsami banza.

Ratan ya gyara murya. "Hajur, mu abin da muka zuba a akwati doki ne. Abin da aka zazzage a Khalanga ba mu muka raka shi ba. A tambayi wanda akwatin ya kwana a hannunsa."

Aka turo Jokhe tsakiyar fili.

"A ina ka kwana?"

"Wurin Nandalal, Hajur. Sanyi ne."

"Akwatin fa?"

"Matashin kai na yi da shi."

"Ka yi barci ke nan."

"Hajur, mutumin da ya sauko daga Lekhpani da kaya, ai ko bai so ba."

"Wa ya yanke igiyar?"

"Tsinkewa ta yi. 'Yan sanda sun gani, ruɓewa ce."

"Wakilina ya ce bakin wuƙa ya gani."

"Ni ina wancan ƙetaren, Hajur. Kuma jami'i ya duba kaki."

"Kaki ba a narka shi a sake ɗigawa?"

Jokhe ya dubi ƙasa ya yi murmushin nan nasa. Wani daga cikin taron ya ce, "Ku duba, dariya ma yake yi." Ratan ya taka ya wanka masa mari, har hularsa ta faɗi. Wata ta tuna ranar da Hemlal ya sauke masa gishiri, wani ya ce ya ga suna ƙus-ƙus, wani ya ce a'a, har wani abu ya ga an miƙa masa. Na buɗe baki in ce shayi ne aka miƙa masa, sai na ga idan na faɗa za a tambaye ni dalilin da ya sa fitila ta zauna a rumfata. Malla ya miƙe ya ce gonar da Jokhe ke nomawa ta koma hannun wani daga ranar. Sauran gari bai taɓa kowa ba.

Daga nan kaya suka daina zuwa wurin Jokhe. Mai shago ya ce ba ya ba wa mai narka kaki gwangwanin kananzir. Sai ya koma ɗaukar kayan wasu garuruwa, ya yi sati ba a gan shi ba. A rijiya mata su ga Dilsara su sauya magana. Ni ban hana shi zama a rumfata ba, amma ba zan ce na yarda da shi ba. Na kan zuba masa shayi ina kallon hannuwansa, manya-manya, masu kaushi, ina tunanin ko irin waɗannan za su iya kwance ɗauri su mayar ba a gane ba.

Abubuwa biyu suka ƙara masa nauyi. Na farko, da Hemlal ya zo godiya, an lulluɓe shi da furanni, goshi ja da tika, jan ɗigon nan na sa albarka, sai ya hango Jokhe a gefe ya nufe shi ya haɗa hannu biyu ya ce, "Dai, yayana, ƙafarka ce ta kai muryar Lekhpani inda za a ji ta." Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma mutanen doki suka dubi juna, mutanen fitila kuma, waɗanda suka fara bayyana bayan an ci, suka riƙa ƙifta wa Jokhe ido suna dafa kafaɗarsa. Da taro ya watse ya zo ya zauna a bencina ya ce, "Maili, mutumin nan ya kashe ni da gaisuwa."

Na biyu, da damina ta gabato sai ga kwanon rufi a gidansa, gida na uku a duk garin da ya bar ciyawa. Ya ce ɗansa Bhimsen ne da ke tsinkar tuffa a Indiya ya aiko. Bhimsen ɗin da aka sani da caca. Aka sa wa rufin suna kwanon fitila.

Zaɓen hamsin da shida ya zo, ɗan ƙanen Ratan ya ɗauki akwati, Malla ya dawo kujerarsa, Lekhpani ta fito doki kusan kaf. Ratan ya yi ta yawo yana cewa, "Kun gani? Da aka sauya ɗan dako, gari ya koma garinsa." Na faɗa wa Tulbir haka muna cin tuwo, sai ya ce, "Bana ai teburin buga tambarin a gindin taga aka ajiye shi, mutanen Malla suna tsaye a waje. Wa zai yi wasa?"

Na ajiye lomar da ke hannuna. "Wancan karon ba taga?"

"Miƙo min barkono," in ji shi.

Ba a jima ba yaƙi ya iske mu. Mutanen daji suka mamaye tsaunuka, Malla ya tattara ya koma Kathmandu, aka daina maganar zaɓe. Wata rana suka tara mu a makaranta. Shugabarsu yarinya ce daga wani ƙauye a ƙasa, da bindiga a kafaɗa. Ta ji labarin akwati, ta sa aka kira Jokhe, ta ce ga talakan da ya ka da mai gonaki shi kaɗai, ya tashi ya gaya wa jama'a yadda ya yi.

"Ban yi komai ba, 'yata. Ɗauka na yi na kai."

"Baba, ba wanda za ka ji tsoronsa yanzu. Malla ya gudu."

"Ba tsoro ba ne. Ban yi ba ne."

Ta zuba masa ido, shi kuma ya dubi ƙasa. Ɗaya daga cikin yaranta ya ce mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tafiya tare da 'yan sanda, kuma ya ƙi yabon jama'a, a bincike shi. Ba su dake shi ba, amma suka ɗora masa shinkafarsu ya yi ta hawa da ita daji har lokacin shuka ya wuce. Da suka sake shi, masu kakin gwamnati suka tare shi a hanyar Khalanga suka ce ga mai ciyar da 'yan tawaye. Ya dawo yana dafe da haƙarƙari, tun daga nan numfashinsa bai sake cika ba. A cikin shekarun nan aka tsinci gawar Hemlal a bakin Tare, kusa da gadar da ya samo mana lokacin yana majalisa. Kowane ɓangare ya ce ɗayan ne ya yi.

Ana gab da sulhu Dilsara ta kwanta, ciki ya kumbura. Jokhe ya yanke gefen kwandonsa ya shimfiɗa bargo ya zaunar da ita don ya kai ta asibitin Khalanga, ni na bi su don ta sami mace a kusa. Da muka ƙetare gadar ya jingine kwandon a kan dutse ya huta. Kangon maniƙar Nandalal yana nan sama da mu, ciyawa ta cinye shi. Dilsara ta daɗe tana kallonsa.

"Baban Bhimsen," in ji ta, "ga wurin nan. Ba kowa sai Maili, ita kuma bakinta da murfi. Ka yi ko ba ka yi ba?"

Bai juyo ba, don tana bayansa. "Duk shekarun nan kina tuƙa min tuwo da wannan a cikinki?"

"Ban ce ka yi ba. Cewa na yi da ka yi da na ji sanyi. Aƙalla mun sha wuyar a kan wani abu."

Sannan ya ce, "Ban yi ba. Abin da ba zan iya rantsewa a kai ba shi ne ko an yi ina barci. Kaina yana kan akwatin da na kwanta, yana kansa da na tashi. Tsakanin nan ban sani ba."

"Kai ko ɗaga ka aka yi ba za ka ji ba," in ji ta. "Na sani, ni ke kwana da kai."

Ya gyara igiya a goshi muka ci gaba. A asibiti suka ce an makara. Ya sake goyo ta ya dawo da ita gida, ta cika kafin bikin Dashain.

Bayan sulhu zaɓe ya dawo. Yarinyar nan mai bindiga ta ajiye bindiga ta tsaya, ta lashe da ƙuri'u kamar ƙasa. A na gaba ta faɗi. Sannan aka haɗe mazaɓarmu da ta maƙwabta, wani ɗan kwangila mai motar tona hanya ya ci, shi ya kawo mana titin da motar jif ke hawa yanzu. Akwati ya koma tafiya a mota da soja a kai, kuma aka riƙa cakuɗa ƙuri'un garuruwa kafin a ƙirga, ba mai sanin abin da maƙwabcinsa ya yi. Malla ya mutu a Kathmandu, 'ya'yansa suka sayar da gonakin. Hemlal kuwa, da yake ba ya nan balle ya ɓata wa wani rai, sai ya zama na kowa. Gada sunansa, makaranta sunansa. Da ɗansa ya girma ya fito takara da fitilar ubansa, Ratan ne ya karɓe shi a bakin gari da furanni.

Aka yi taro a filin makaranta, ni ina ta dafa shayi, Jokhe na zaune a bencina, ya tsufa, da sanda. Ratan ya karɓi lasifika ya ce Lekhpani ce ta fara karya ƙahon masu gonaki, tun lokacin da faɗin haka yana iya raba mutum da abincinsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ni da hannun nan nawa na buga wa fitila a hamsin da ɗaya." Aka yi tafi.

Da aka tashi ya biyo ta rumfata da ɗan takarar da jama'a. Jokhe bai miƙe ba.

"Ratan, zo in tambaye ka. Wane hannun? Wanda ka mare ni da shi, ko ɗayan?"

Ratan ya yi 'yar dariya. "Haba Dai, tsohon zance. Zamani ne. Da ban mare ka ba ranar, da gonakin gari duka ya ƙwace."

"To nawa ya ƙwace."

"Ka ɗauke wa gari ne. Kai da ɗaukar kaya sana'arka ce."

"Mai kaya yakan gaya min abin da ke cikin buhu kafin in ɗauka."

Ɗan Hemlal bai san kan zancen ba, ya yi ta kallon wannan yana kallon wancan. Aka ja shi aka wuce. Jokhe ya ƙarasa shayinsa.

Na zaci daga ranar gaskiya ta fito, amma sai abin ya ƙara dagulewa. Cikin sati guda duk tsohon da ya zauna a bencina sai ya rage murya ya ce shi ma fitila ya buga wa. Wanda ya ce ya ga ana ƙus-ƙus, fitila. Mai shagon da ya hana kananzir, fitila. Idan aka bi ta tasu, a hamsin da ɗaya ni kaɗai na zaɓi doki a duk garin, alhali doki ya sami rabonsa mai kauri a akwatin nan. Wato dai ko sun yi ƙarya a gaban Malla, ko suna yi yanzu a gaban ɗan Hemlal, ko duka biyun. Na tsare Tulbir.

"Kai fa?"

"Fitila mana. Ke ma da kina da wayo da kin gane."

"A gaban Devi ka rantse."

"Da hannun hagu na taɓa shinkafar."

Kwana biyu bayan haka ya sha ya yi tatul, ya ce min shi bai taɓa cin amanar wanda ya ci gishirinsa ba, doki ya buga wa, sauran maganar don a zauna lafiya da masu zuwa ne. Har ya mutu ban san wanne zan riƙe ba.

Sai kuma ga matar marigayi Nandalal mai maniƙa, tsohuwa tukuf, ta fito da nata. Ta ce a yammacin nan, bayan Jokhe ya shigo, wasu mutum biyu da ba ta sani ba sun zo da buhu suka ce masara ce, mijinta kuma ya tura ta ta je ta kwana gidan 'yarsu, abin da bai saba ba. Magana ta zaga gari. Amma ta faɗe ta ne bayan ta je wurin ɗan Hemlal neman a sa ta cikin masu karɓar tallafin tsofaffi an bar ta tsaye a ƙofa. Wasu suka ce haushi ne, wasu suka ce haushin ne ya buɗe mata baki. Ratan, wanda ya ga ƙofar fita, ya ce shi dama ya san biri ya yi kama da mutum.

Na tambayi Jokhe, "Dai, da gaske wasu sun zo da buhu?"

"Sun zo."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Maili, maniƙa ce. Wa zai zo maniƙa ba buhu?"

"Ka ga an niƙa?"

"Na ji dutse yana juyawa, na yi barci."

Ɗan Hemlal bai ci zaɓen ba, ɗan kwangila ya koma. Da sanyi ya shigo, 'yar Jokhe, Junmaya, da ke aure a ƙasar fili ta zo ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai da wannan ƙirjin ba. Bhimsen tuni an daina jin ɗuriyarsa. Ta sayar da gidan har da kwanon. Da safen da za su tafi ya zo ya sha shayi, ya ce wai an ce can ƙasa ko tudun da akuya za ta hau babu, bai san yadda mutum ke tafiya a irin wannan wuri ba. Ya shiga jif a karo na farko a rayuwarsa, ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu.

Ya yi 'yan shekaru a can. Junmaya ce ta bugo wa mai shago waya ta faɗi rasuwarsa. Maza suka taru a rumfata ana shawarar ko a je sadakar kwana goma sha uku. Wani ya ce zuwa kamar amsa laifi ne, wani ya ce rashin zuwa ya fi kama da haka. A ƙarshe mutum huɗu suka tafi, har da Ratan, aka haɗa musu man shanu da garin gero su kai. Da suka dawo, biyu suka ce Junmaya ta karɓe su hannu bibbiyu, ta yanka musu kaza. Biyu suka ce a tsakar gida ta ajiye musu abincin, kuma ba ta zauna ba har suka gama.